Wasiƙar da Don Abner Ya Tono

Shekara talatin da ɗaya Don Abner Cojulún, wato Malam Abner da yaren can, ya yi yana koyar da Girkanci da tarihin ikilisiya a Kwalejin Kirista ta Los Alisos, can bayan garin Xela, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ya makara. Gajere ne kakkaura, kullum cikin rigar sanyi mai ruwan toka da matarsa Floridalma ta saƙa masa. Ubansa masaƙi ne a Salcajá, kuma daga wurinsa ya gaji haƙurin zama wuri ɗaya yana bin zare har ƙarshensa. Ɗalibai suna girmama shi, amma ba sa rububin ajinsa. Idan ya buɗe baki, sai ka ga na baya sun fara gyangyaɗi, shi kuwa ya ci gaba da karatunsa kamar bai gani ba. Yana gani sarai.

Tun suna samari a wannan kwalejin, ɗaki ɗaya suka zauna da Natanael Ixcot. Abner ne mai karatu, Natanael ne mai baki. A daren jarrabawa Natanael kan ari littafin Abner ya leƙa na rabin awa, washegari ya fito da maki daidai da nasa, wani lokacin ma ya ɗara shi. Da aka zo tura mutum ɗaya ƙarin karatu Scotland, sai malamai suka zaɓi Natanael, wai shi ne zai iya tsayawa gaban Turawa. Abner ya raka shi har tashar mota, ya ɗaukar masa jaka, ya yi masa addu'a da zuciya ɗaya kamar yadda ya zata. Da ya dawo gida ya kasa cin abinci kwana biyu, ya ce wa uwarsa ciki ne ke damunsa.

Bayan shekara goma sha biyu Natanael ya dawo da digirin dakta da gemu mai ɗan furfura. Aka ba shi ofis mai taga da ke kallon dutsen Santa María, ofishin Abner kuwa yana kallon bayan kicin. Ajin Natanael har a ƙasa ake zama. Duk da haka abotarsu ba ta mutu ba. Kowace Alhamis da la'asar sukan zauna a shagon da ke bakin ƙofar kwalejin su sha kofi da burodi mai zaƙi, Natanael yana zuba labari, Abner yana gyara masa shekaru da sunaye.

"Kai ne ƙwaƙwalwata, Abnercito," in ji Natanael. "Ranar da ka mutu, ni ma sai a rufe ni."

"Ka dai samu mai yi maka aiki kyauta," Abner kan ce, yana dariya. Dariyar takan bushe masa kafin ya kai gida.

Akwai abu ɗaya da Abner yake da shi wanda Natanael ba shi da shi. Wata shekara da ruwa ya shiga ɗakin ajiyar takardu, shi aka sa ya kwashe akwatunan ya shanya su, don kowa ya san ba zai ƙi ba. A cikin wani akwati na Fasto Harlan Whitcomb, Ba'amurken da ya kafa kwalejin, wanda hotonsa ke rataye a zauren taro, ya ci karo da kwafin wata wasiƙa ta shekarar 1982, lokacin da yaƙin basasa ya yi tsanani. Faston ne ya rubuta wa kwamandan sojan yankin. Ya ba da sunayen ɗalibai uku, ya ce hankalinsu ya karkata ga 'yan tawaye, ya roƙa a bar kwalejin ta zauna lafiya. Abner ya san sunayen. Suna cikin waɗanda aka ce sun bar karatu ba sallama, ba a sake ganinsu ba.

Ya mayar da wasiƙar akwatinta, ya ɗauki hotonta ya ɓoye a gida. Ya ƙudurta zai rubuta littafi, wanda zai sa a san cewa akwai wani Abner Cojulún a duniya. Shekara goma sha biyar yana tara bayanai a kwali, yana bin ƙauyuka lokacin hutu, yana duba rajistar baftisma. Littafin bai wuce babi na biyu ba. Kullum sai ya ce saura ɗan bincike kaɗan. Floridalma, wadda ke sayar da zare da maɓallai a kasuwar La Democracia, ta fi kowa sanin abin da ke riƙe shi.

"Tsoro kake ji, tsoho," ta ce masa wata rana tana tsince wake. "Ka faɗa kawai. Ba laifi ba ne mai 'ya'ya uku ya ji tsoro."

"Ba tsoro ba ne. Aikin ilimi ba a yi masa gaggawa."

"To Allah ya ba ka shekara ɗari biyu."

Wata Alhamis, Natanael ya cika shi da labarin taron da aka gayyace shi a Lima, yadda aka tashi tsaye ana masa tafi. Abner bai yi niyya ba, amma ya ga hannunsa ya shiga jaka ya ciro hoton wasiƙar ya ajiye kan tebur. So yake ko sau ɗaya ya ga Natanael ya rasa abin cewa, kuma ya gani. Natanael ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Tun yaushe kake da wannan?"

"Shekara goma sha biyar."

"Kuma ka zauna a kai kamar kaza?"

"Littafi nake rubutawa. Tsakanina da kai ne wannan, hermano, ɗan'uwana."

Natanael ya gyaɗa kai. Daga baya Abner ya sha tambayar kansa ko gyaɗa kan nan alkawari ne ko kuwa jinjina al'amarin kawai.

Wata huɗu bayan haka aka yi bikin cikar kwalejin shekara sittin da biyar, aka ba Natanael babbar lacca. Zauren ya cika da fastoci, tsofaffin ɗalibai, da baƙi daga coci-cocin Amurka da ke tallafa wa kwalejin, har da jikar Fasto Whitcomb a kujerar gaba. Natanael ya fara da yabon marigayin, ya lissafa asibitin da ya gina da ɗaliban da ya ciyar. Sannan ya ce ikilisiyar da ba ta iya furta zunubinta ba ta da bakin kiran wani ga tuba. Ya faɗi shekarar, ya faɗi abin da ke cikin wasiƙar, ya kira sunayen nan uku ɗaya bayan ɗaya a hankali. Jikar ta tashi ta fita.

Abner yana layi na huɗu. Jira yake. Ya tabbata yanzu Natanael zai nuna shi ya ce ga wanda ya tono wannan, ga wanda ya ba da shekara goma sha biyar na rayuwarsa. Rabin zuciyarsa na rawa don tsoro, rabi na ɗokin ya miƙe. Natanael ya ce kawai, "Wannan takarda tana nan a ɗakin ajiyarmu," ya rufe da addu'a ya sauka.

Wata ɗaliba ta ɗauki laccar a waya. Kafin kwana uku bidiyon ya zaga ƙasar, aka yanko minti biyu daga ciki ana ta turawa. Wasu suka ce ga annabin zamani, wasu suka ce ɗan kwaminis ne da ya sha kuɗin ikilisiya ya koma yana cizon hannun da ya ciyar da shi. Iyaye suka fara kiran ofis suna cewa za su cire 'ya'yansu. Fastoci sittin suka sa hannu a takardar neman a kore shi. Ɗalibai kuma suka rabu biyu, har a ɗakin cin abinci kowane ɓangare da teburinsa. Wani malamin waƙa da ya ce a ƙyale mutum ya faɗi abin da ya gani, shi ma sai ga sunansa yana yawo, washegari ya fito ya ce ba haka yake nufi ba.

Abner kuwa kullum da safe kafin ya yi addu'a sai ya duba mutum nawa suka kalli bidiyon. Ya karanta abin da ake rubutawa a ƙasa, na zagi da na yabo, kuma na yabon ne ke hana shi sukuni. Wani ya rubuta cewa Dakta Ixcot ya shafe shekaru yana bincike cikin ƙura shi kaɗai. Abner ya ajiye wayar da ƙarfi har kofinsa ya zube.

"Cikin ƙura," ya ce wa Floridalma. "Mutumin da bai san ma inda makullin ɗakin yake ba."

"Mutumin nan aikinsa zai rasa, kai kuma kana nan kana ƙyashin zagin da ake masa?"

"Ba ki gane ba."

"Na gane mana. Shekara talatin ina ganewa."

A mako na uku hukumar kwalejin ta zauna. Kafin nan an riga an kulle ɗakin ajiya, an ce ana gyara. Shugaban kwalejin, Fasto Otoniel Barrios, mutum mai sanyin murya wanda ba ya son rigima, ya kira Abner gaban hukumar tunda shi ne masanin tarihi. Mutum tara ne zaune, Natanael yana gefe shi kaɗai a kan kujerar roba.

"Don Abner, kai ka fi kowa sanin takardunmu," in ji Fasto Otoniel. "Tambaya ɗaya ce. Za ka iya tabbatar mana cewa wannan wasiƙar ta gaskiya ce?"

Abner ya san amsar fiye da sunan kakansa. Ya gwada bugun keken rubutun wasiƙar da na sauran wasiƙun faston, ya gwada sa hannun, ya samu ranar a littafin ofis. Ya dubi Natanael, ya ga yadda yake zaune hankali kwance, ya harɗe ƙafa, kamar wanda ya san Abnercito zai gyara masa shekaru da sunaye kamar kullum. Wannan kwanciyar hankalin ce ta ƙona shi.

"Kwafi ne, ba asali ba," ya ce. "A matsayina na mai bincike, ba zan iya cewa an tabbatar ba. Irin wannan abu yana son shekaru. Wanda bai yi aikin ba bai kamata ya hau mumbari da shi ba."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin, kuma ya san abin da ya aikata da su. Natanael ya sauke ƙafarsa. Da yamma aka fitar da sanarwa cewa Dakta Ixcot ya yi wa wanda ya kafa kwalejin ƙazafi ba tare da hujja ba, kamar yadda masanin tarihin kwalejin ya shaida, kuma an sallame shi. Ko a nan ba a ambaci sunan Abner ba.

Aka ba Abner ofishin nan mai tagar da ke kallon dutse, aka ba shi babban ajin Natanael. Ranar farko ɗalibai tamanin suka shigo, suka zauna, ba wanda ya buɗe littafi. Da ya fara magana sai kusan rabinsu suka miƙe suka fita a jere, ba hayaniya. Waɗanda suka rage su ne masu murna da korar, kuma su ma gyangyaɗi suka yi. A gidajen rediyo kuwa sai hira ake da Natanael, wata jarida a babban birni ta sa hotonsa a shafin farko. Abner ya sayi jaridar, ya karanta a tsaye a bakin titi, ya cusa ta a kwandon shara, ya yi tafiya kaɗan ya dawo ya ciro ta.

Hayaniyar ba ta wuce wata biyu ba, duniya ta koma kan wani. Masu kiran Natanael annabi ba su da aikin ba shi, coci-coci kuwa sun rufe masa mumbarinsu. Abner ya ji a bakin mutane cewa yana koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Olintepeque, matarsa kuma ta buɗe wurin sayar da abinci. Ya zaci jin haka zai sanyaya masa zuciya, amma bai ji wani sanyi ba.

Wata Talata da hantsi, wajen wata takwas da korar, aka ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa. Wata tsohuwa ce cikin saƙaƙƙen zane da rigar mutanen garin Nahualá, ta goyo ƙunshi a baya. Ta ce sunanta Petrona Yax, tun asuba ta hau mota. Jikanta ne ya nuna mata bidiyon, ta ji an kira sunan yayanta Gaspar.

"Dakta nake nema," ta ce. "An ce nan ne ofishinsa."

"Ba ya nan yanzu, Doña Petrona. Amma ni ne na—"

"A'a, Daktan nake so. Wanda ya nemo takardar."

Abner ya ji ƙyashin nan ya sake taso masa, har gaban wannan baiwar Allah, kuma ya ji kunyar kansa. Ya ba ta kujera. Ta ce uwarsu ta mutu tana zaton Gaspar ya gudu Mexico ya manta da su, don haka kwalejin ta faɗa musu a lokacin. Ta ce daga baya kuma ta ji an ce takardar ƙarya ce, wani masani ya duba ya ce ba ta da tushe.

"Ni ban yi boko ba, Profe. So nake kawai wani ya gaya mini, gudu ya yi ko ba da shi aka yi?"

Ya ce mata ta jira. Ya hau mota ya je gida, ya ɗauko kwalin nan duka, ya dawo ya baje a kan tebur. Ya karanta mata wasiƙar, ya fassara mata da K'iche', yarensu na gado, wanda rabonsa da yin sa a cikin kwalejin tun yana ɗalibi. Ya nuna mata makin Gaspar, da wata takarda da ya rubuta kan littafin Amos wadda malaminsa ya yaba. Ya gaya mata takardar gaskiya ce, kuma shi ne masanin da ya ce ba a tabbatar ba. Ba ta zage shi ba. Ta karɓi kwafin ta naɗe a ƙyalle ta cusa a ƙirji, ta ce idan ya ga Dakta ya yi masa godiya.

Ranar Asabar ya tafi Olintepeque. Ya tarar da Natanael sanye da ƙyallen aiki yana goge tebura a shagon matarsa, ya rame, gemun ya yi fari fat.

"A'a, masanin tarihin kwalejin," in ji Natanael. "Kofi ko tabbatarwa?"

Abner ya zauna. Ya shirya neman gafara tun a mota, amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne. "Me ya sa ba ka faɗi sunana ba?"

Natanael ya tsaya da tsumma a hannu. "Sunanka? Saura shekara biyar ka yi ritaya, ga Floridalma da ciwon suga. Na ce in wuta ta tashi ta ci ni ni kaɗai."

"Wa ya roƙe ka? Aikina ne. Shekara goma sha biyar. Na ce maka tsakanina da kai ne."

"Ka ce. Kuma na karya, ban musa ba. Amma da na bar ka, da har yau tana cikin kwali, mutanen nan uku suna nan a matsayin waɗanda suka gudu." Ya ja kujera ya zauna. "Ka san abin dariya? Ni duk rayuwata kai nake ƙyashi. Ni surutu na iya. Ban taɓa gano komai da kaina ba, ko ɗaya."

Abner bai yarda ba, kuma har yau bai yarda ba. A ganinsa ko wannan ma irin daɗin bakin Natanael ne, ya fi ka har a wajen tawali'u. Amma ya gaya masa zuwan Doña Petrona da saƙon godiyarta. Natanael ya rufe fuska da tsumman na ɗan lokaci. Matarsa ta kawo musu tamal biyu, wato ƙullin masara da aka dafa a ganye, ta ajiye na Abner ba tare da ta dube shi ba.

Bayan mako biyu, da layin wa'azin safiya ya zo kan Abner, ya hau mumbarin ɗakin sujada ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, ya jera hujjojinsa, ya ce abin da ya faɗa wa hukuma ya faɗa ne don hassada. Ana ruwa ranar, mutum ashirin da ɗaya ne a wurin, kuma ba wanda ya ɗaga waya. Ya sauka yana jiran takardar kora, har ya kwashe littattafansa a kwali. Fasto Otoniel ya kira shi ofis, ya ba shi shayi, ya ce kowa yana da ranar da nauyi ke masa yawa, ya kamata ya huta. Zangon da ya biyo aka karɓe babban ajin da na tarihi aka bar masa Girkanci kaɗai, ɗalibai bakwai. Ba sanarwa, ba takardar fastoci, ba wanda ya zage shi ko a waya. Ya rubuta wa hukuma sau uku yana neman a dawo da Natanael, ba a ba shi amsa ba.

Ya yi ritaya bara. Littafin ya fito a wata ƙaramar maɗaba'a a Xela, kwafi ɗari uku, kuma Natanael ne ya rubuta gabatarwa, don mai maɗaba'ar ya ce in ba sunan Dakta a bango ba wanda zai saya. Abner ya yi kwana uku yana faɗa kafin ya amince. Iyalan ɗaliban nan biyu sun zo ƙaddamarwar, na ukun ba a same su ba. Yanzu yakan zauna da Floridalma a rumfarta da rana yana auna wa mata zare, kuma idan wani ya tsaya ya ce ya karanta littafin, gabatarwar ta taɓa shi ƙwarai, sai Don Abner ya ce ya gode, ya tambaye shi ko ya kai babi na shida.